Doka ɗaya ga kowa: shari'ar Hadijatu Mani

1. Tiya ɗaya

A kasuwar hatsi da tiya ake awo. Mai saye ya buɗe bakin buhunsa, ma'auni ya cika tiya ya zuba, suna ƙirgawa tare. Da za a kama ma'auni da tiya biyu, babba don attajiri, ƙarama don talaka, da kasuwa ta tashi a kansa. Ko yaron da bai shiga makaranta ba ya san sunan wannan abu. Sunansa zamba.

Dokar ƙasa ita ma awo ce. Da ita ake auna abin da mutum ya yi, da abin da aka yi masa. Shi ya sa ake cewa mutane duka ɗaya suke gaban doka. Maganar ba ta nufin kowa yana da dukiya daidai da ta maƙwabcinsa. Wani na da garken shanu, wani ko akuya ba shi da ita. Abin da take nufi shi ne, in su biyun suka tsaya gaban alƙali, ba za a tambayi ɗayansu ko shi ɗan wane ne ba kafin a ba shi gaskiyarsa.

Dokoki suna da yawa. Akwai ta gona, akwai ta kasuwa, akwai ta lanho, akwai ta tuƙin mota. Amma akwai guda wadda ta fi su duka, ita ce ake kira kundin tsarin mulki. Ita ce uwar dokoki. Shugaban ƙasa da minista, depite da alƙali, jandarma da sarki da maigari, duk ƙarƙashinta suke. Daga 1960 zuwa 2010 Nijar ta yi kundi har bakwai. An dakatar da na ƙarshen a watan Yuli na 2023, kuma a watan Maris na 2025 aka kafa wata takardar tsarin mulki a madadinsa. Wanda ya shafi wannan darasi shi ne kundin 1999, don shi ke aiki lokacin da abin ya faru.

Aya ta 8 ta wannan kundi ta ce gwamnati za ta tabbatar kowa daidai yake gaban doka, ba bambanci tsakanin mace da namiji, ba a duban asali ko ƙabila ko addini. Aya ta 12 kuma ta hana a azabtar da mutum, ta hana a bautar da shi.

Magana ce mai daɗin ji. Amma rubutu bisa takarda ba shi da ƙafa, ba ya tashi ya shiga ƙauye da kansa. Ranar da aka rubuta waɗannan ayoyi a Yamai, akwai wata yarinya ƴar shekara 15 a ƙasar Ƙonni wadda ta riga ta yi shekara uku tana bauta. Ba ta san an rubuta komi ba.

2. Yarinyar da aka saya

Sunanta Hadijatu Mani. An haife ta a 1984. Uwarta baiwa ce, don haka bisa al'adar wurin ita ma baiwa ce tun ranar da ta faɗo duniya. Ba ta yi laifin komi ba. Cikin da ta fito kaɗai aka duba.

Bauta tsohon abu ne a ƙasashe da yawa na duniya, har da ƙasar Hausa da ta Buzaye da ta Zabarmawa da ta Fulani. A 1905 Faransawa masu mulkin mallaka suka fitar da doka ta hana cinikin mutane a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu. Kasuwannin bayi suka watse. Amma abin bai mutu ba, ɓuya ya yi. Ya koma cikin gidaje da zango-zango, inda ba mai gani.

A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da Hadijatu ga wani mutum mai shekara 46, a kan jika 240. An yi cinikinta ne tsakanin maza, kamar yadda ake cinikin dabba. Ba wanda ya tambaye ta.

Irin wannan ciniki yana da suna, ana ce masa wahaya. Mutum mai mata huɗu, ko ma wanda bai cika huɗun ba, sai ya sayi yarinya mai asalin bauta ya kai ta gidansa. Wasu na ce mata matar biyar, wasu na ce mata sa-ɗaka. An fi samun labarin wannan al'ada a jahar Tawa, wajajen Ƙonni da Madawa da Illela da Buza. A lura da kalmar nan, matar biyar, don akwai ruɗi cikinta. Aure yana da sharuɗɗa da kowa ya sani: yarda, da waliyyi, da shaidu, da sadaki. Wahaya ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Kuɗin da aka biya ba sadakinta ba ne, kuɗin kanta ne, kuma ubangijinta na farko ke karɓewa. Ba ta da haƙƙin da matan aure ke da shi, ba ta gadon maigidan. Ita ce mai daka, ita ce mai ɗibar ruwa, ita ce mai itace, ita ce mai aikin gona. Matan gida suna hutawa bisa wuyanta.

Haka Hadijatu ta zauna shekara tara. Tana aikin gida da na gona ba lada. In ta yi abin da bai gamshi maigidan ba, ta sha duka. Tun ba ta cika shekara 13 ba ya mai da ita sa-ɗaka da ƙarfi, har ta haifa masa ƴaƴa.

3. Takardar ɗiyauci

A 1991 wasu ƴan Nijar suka kafa wata ƙungiya mai yaƙi da bauta, suka sa mata suna Timidriya. Kalmar Buzanci ce, ma'anarta ƴan'uwantaka. Ilgilas Waila ya daɗe yana shugabancinta. Mutanenta suka riƙa bin ƙauyuka da zanguna suna yi ma jama'a bayani, suna kuma matsa ma hukuma ta yi doka mai ƙarfi.

A watan Yuni na 2003 aka yi dokar. Ta ambaci bauta da sunanta, ta bayyana ko mece ce, ta kuma yanke hukunci: wanda ya bautar da mutum zai yi kaso na shekara 10 zuwa 30, ya biya tara ta miliyan 1 zuwa miliyan 5 na sefa.

Ran 18 ga Agusta 2005, maigidan ya ba Hadijatu takardar ɗiyauci. An rubuta cikinta cewa daga wannan rana ita ɗiya ce, ba baiwar kowa ba. Ya sa hannu, maigari ma ya sa hannu. Sai Hadijatu ta ce to, tunda haka ne, za ta tafi gidansu. Maigidan ya ce ba inda za ta. Ya ce dā baiwarsa ce, yanzu kuwa matarsa ce.

A nan gizo ke saƙa. Da hannun dama ya ba ta ƴanci, da na hagu ya karɓe. Suna kawai ya sake mata, igiyar tana nan.

Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Mata da yawa da aka yi ma irin wannan dabara sun haƙura, don ba su san akwai inda ake kai kuka ba. Hadijatu ba ta yi makaranta ba, amma ta ji cewa doka ta hana bauta, ta kuma riƙe maganar. Ta samu hanya ta bar gidan. A watan Fabrairu na 2006 ta shiga kotun Birnin Ƙonni, ta ce a tabbatar mata da ƴancinta.

4. Daga kotu zuwa kotu

Alƙalin farko ya yi tambayoyin da suka kamata. An biya sadaki? A'a. An ɗaura aure? A'a. Ran 20 ga Maris 2006 ya yanke hukunci cewa ba a taɓa yin aure tsakaninsu ba, Hadijatu tana da ikon ta auri wanda take so.

Maigidan bai yarda ba, ya ɗaukaka ƙara. Wannan haƙƙinsa ne, don doka ta ba kowa damar ya nemi kotu ta sama ta sake duba shari'arsa, ko da mutumin ba shi da gaskiya. A watan Yuni na 2006 babbar kotun Ƙonni ta rushe hukuncin farko. Ta ce al'ada ta yarda ɗa ya auri baiwa, saboda haka Hadijatu matarsa ce.

A tsaya nan a yi tunani. Kotu ta faɗa da bakinta cewa yarinyar baiwa ce. Kundin tsarin mulki ya hana bauta tun shekara bakwai kafin wannan rana. Dokar 2003 ta ce laifi ne mai kai mutum kaso. Abin da ya kamata alƙali ya yi shi ne ya ce: « Dakata! Wa ya saye ta? Wa ya sayar da ita? » Amma ba a yi tambayar ba. Aka wuce ta, aka shiga zancen aure. A Nijar alƙalai suna aiki da al'ada a shari'ar aure da gado da gona, kuma ba laifi ba ne, don al'ada na warware rigingimu da yawa. Sai dai al'ada ba ta hawa bisa kan uwar dokoki. In suka yi karo, al'ada ce ke kaucewa.

Shari'a ta tafi Yamai, gaban kotun ƙoli. A watan Disamba na 2006 kotun ƙoli ta soke hukunci na biyu, amma don an yi kuskure wajen bin ƙa'idar shari'a ne kawai. Ita ma ba ta taɓa zancen bauta ba. Ta mai da magana Ƙonni a sake dubawa.

Ana cikin haka Hadijatu ta auri wani mutum da ta zaɓa da kanta. Da tsohon maigidan ya ji, sai ya tafi wurin jandarmomi ya kai ƙara, ya ce matarsa ta yi aure bisa aure. Ran 2 ga Mayu 2007 kotu ta yanke ma Hadijatu da ɗan'uwanta da sabon mijinta kaso na wata shida, da tarar jika 50 kowane. Aka rufe ta. Ta yi wajen wata biyu a gidan kaso kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta sa a sake ta a watan Yuli.

Abin ya juye ke nan. Wanda ya sayi mutum yana gidansa yana barci, wadda aka saya tana kaso.

5. Kotun CEDEAO ta zo Yamai

A 1975 ƙasashen Afirka ta Yamma suka kafa wata ƙungiya a Legas, wadda ake kira CEDEAO. Nijar tana cikin waɗanda suka kafa ta, ta kuma zauna cikinta har zuwa watan Janairu na 2025 da ta fita. Ƙungiyar tana da kotu a Abuja. Daga 2005 aka ba talaka damar ya kai ƙarar gwamnatinsa gaban wannan kotu in an taka masa haƙƙi.

Da taimakon Timidriya da wasu ƙungiyoyi biyu na Ingila, da wani lauya ɗan Nijar, Abdurrahman Shaibu, Hadijatu ta shigar da ƙara a cikin 2007. Wannan karon ba tsohon maigidanta ta kai ƙara ba. Ƙasar Nijar ta kai, don ba ta kare ta ba.

Abuja na da nisa, Hadijatu ba ta da kuɗin mota, shaidunta ma haka. Sai kotu ta yarda ta taso ta zo Yamai. Aka yi zama a watan Afrilu na 2008. Alƙalai uku ne, biyu daga cikinsu mata. Shugabar zaman ƴar ƙasar Mali ce, Aminata Malle Sanogo. Yarinyar da ba a taɓa tambayar ra'ayinta ba ta tsaya gaban manyan mutane, ta faɗi abin da aka yi mata tun daga farko.

Daga cikin hujjojin da lauyoyin gwamnati suka kawo, ga guda biyu. Ta farko, suka ce shari'a ba ta ƙare a kotunan gida ba, bai kamata a tsallaka waje ba. Kotu ta ce ƙa'idarta ba ta sa wannan sharaɗi ba. Ta biyu, suka ce Hadijatu matar mutumin ce, sun yi zama irin na kowane miji da mata, yau daɗi gobe ba daɗi. Kotu ba ta yarda da wannan hujja ba. Ta ƙara da wata magana mai nauyi. Ta ce ko da ana ba mutum abinci ya ƙoshi, ana ba shi tufafi da ɗakin kwana, in wani ya riƙe shi tamkar kayansa, yana sa shi aiki dole, to bawa ne. Cikar ciki ba ita ce ɗiyauci ba.

Ran 27 ga Oktoba 2008 aka yanke hukunci. Kotu ta ce Hadijatu ta yi bauta. Ta ce gwamnati ba ita ta saye ta ba, ba ita ta buge ta ba, amma laifi ya hau kanta duk da haka. Don me? Don ma'aikatanta da alƙalanta sun ji, sun gani, sun yi shiru. Alƙalin da ya gane cewa akwai bauta cikin shari'ar da ke gabansa, wajibi ne ya tayar da maganar da kansa, ko ba wanda ya roƙe shi. Wannan shi ne zuciyar hukuncin.

Ba dukan abin da Hadijatu ta nema ta samu ba. Ta ce rufe ta da aka yi zalunci ne na hukuma. Kotu ta ce tunda hukuncin alƙali aka bi, ba za ta kira shi kamun zalunci ba. Ta nemi diyyar miliyan 50, aka yanke mata miliyan 10. Wani zai ce kuɗin sun yi kaɗan, kuma da gaskiyarsa, don shekara tara ta ƙuruciya ba ta sayuwa. Gwamnati ta ce ta yarda da hukuncin, ta kuma biya. Hadijatu ta ce za ta gina gida, ta sayi bisashe, ta yi noma, ta sa ƴaƴanta makaranta.

6. Abin da ya biyo baya

Labarin ya zagaya duniya. A watan Maris na 2009 aka gayyaci Hadijatu ƙasar Amurka, aka ba ta lambar yabo ta mata masu ƙarfin zuciya.

A gida kuwa abin ya tafi sannu. Sai a watan Mayu na 2014 wata kotu a Birnin Ƙonni ta yanke ma wani mutum kaso na shekara huɗu don ya ajiye wahaya. Zancen auren Hadijatu kansa ya daɗe yana yawo tsakanin kotuna. A farkon 2019 babbar kotun ƙasa mai warware hukunci ta rufe shi: ta ce zaman da Hadijatu ta yi a gidan farko ba aure ba ne, kuma ajiye wahaya ya saɓa ma doka. Daga ranar da ta fara shiga kotun Ƙonni zuwa wannan rana, shekara 13 ke nan.

Kalmomi

kundin tsarin mulki: babbar dokar da sauran dokoki ke bi; da Faransanci, la Constitution.
aya: yanki ɗaya na doka, mai lamba, un article.
ɗa, ɗiya: a wannan darasi, mutumin da ba bawan kowa ba.
ɗiyauci: ƴanci, la liberté.
ɗaukaka ƙara: neman kotu ta sama ta sake duba shari'a, faire appel.
tara: kuɗin da mai laifi ke biyan hukuma, une amende.
diyya: kuɗin da ake biyan wanda aka cuta.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar cewa mutane duka ɗaya suke gaban doka? Mene ne ba ma'anarta ba?
2. Me aya ta 8 da aya ta 12 na kundin 1999 suka ce?
3. Waɗanne sharuɗɗan aure ne babu su a zaman wahaya?
4. Wace dabara maigidan ya yi bayan ya ba da takardar ɗiyauci?
5. Wace tambaya ce babbar kotun Ƙonni ba ta yi ba a watan Yuni na 2006?
6. Gwamnati ba ita ta sayi Hadijatu ba. To, don me aka ce ta biya diyya?
7. Maigidan ba shi da gaskiya, amma an bar shi ya ɗaukaka ƙara. Daidai ne ko ba daidai ba? Ku faɗi hujjarku.

Aiki

Lissafi: shekara nawa ne tsakanin dokar 1905 da dokar 2003? Shekarun Hadijatu nawa ranar da kotun CEDEAO ta yanke hukunci? Jika nawa ne cikin miliyan 10?

Taswira: ku nemi Birnin Ƙonni da Tawa da Yamai da Abuja, ku gwada nisan da ke tsakaninsu.

Wasa: ku kasu uku, alƙalai da lauyoyin Hadijatu da lauyoyin gwamnati. Kowane ɓangare ya shirya maganarsa, ku yi zaman kotu cikin aji, da Hausa tukuna, sannan da Faransanci.